Ƙudan Tsando, Kuɗin Bincike da Ma'aikatar Kimiyya

Jawabin da aka gabatar wa ɗaliban jami'a 'yan Hayin Banki, Kaduna, a lokacin hutu



An nemi in yi magana a kan aikin Ma'aikatar Kimiyya da Fasaha ta Gwamnatin Tarayya, musamman ta fuskar haɗa kai da ƙasashen waje wajen bincike, da kuma inda kuɗin wannan bincike yake fitowa. Na san akwai wanda zai ce wannan zance ne na manyan ma'aikata a Abuja, ina ruwan ɗan Hayin Banki da shi? To, amsar ba ta da nisa. In mutum ya hau mota daga nan ya nufi Unguwar Rimi, a kan Titin Surame zai tarar da Cibiyar Binciken Ciwon Barci da Sammore ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NITR. Tana ɗaya daga cikin cibiyoyin da ke ƙarƙashin wannan ma'aikata, alhali kuwa ta girme ta da shekara fiye da 30. In kuwa ya bi babbar hanyar da ta kewaye gari ta yamma, zai iske Asibitin Ido na Ƙasa, wanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya. A waɗannan gidaje biyu an yi ayyukan da duniya ta amfana da su, kuma tarihinsu ya ishe mu darasi a kan abin da ya tara mu yau.

Bari mu fara da ƙudan tsando. Wannan ƙuda yana zama ne a kurmi da bakin rafi, abincinsa kuwa jini. In ya ciji mai cuta sa'an nan ya ciji mai lafiya, sai ya sa masa wata 'yar ƙwaya wadda ido ba ya gani, ta shiga jini ta yi ta yaɗo. A jikin mutum ita ke kawo ciwon barci, a jikin shanu kuwa ita ce sammore: saniya ta rame, nono ya ragu, ta zubar da ciki, daga bisani ta faɗi. Duk wanda ya taɓa tsayawa cinikin nama a kasuwar Kawo, ko ya sayi nono a hannun 'yar Fulani, ya biya wani abu daga cikin harajin wannan ƙuda ko bai sani ba.

A cikin shekarun 1930 ciwon barci ya yi mummunar ɓarna a Arewa, aka yi wa dubun dubatar mutane magani, ƙasar Zazzau kuwa tana cikin inda abin ya fi tsanani. Turawan mulkin mallaka suka kafa sashe na musamman domin yaƙi da shi, suka kuma yi gidan bincike a Gadau ta ƙasar Katagum, inda wani masanin ƙwari mai suna Dokta Nash ya yi aiki. A 1937 aka soma aikin Anchau: aka sare itatuwan bakin rafuka, aka ta da ƙauyuka aka sake musu matsuguni, aka haƙa rijiyoyi, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Kuɗin ya fito daga Ingila, amma gumin na talakawan Zazzau ne, kuma ba a nemi shawararsu ba kafin a sa su aikin. Ciwon ya ja da baya, wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa Bature yana bukatar lafiyayyun mutane masu noman gyaɗa da auduga, masu biyan haraji, masu haƙar kuza a Jos.

Daga wannan aiki ne aka ga ya kamata a yi cibiya ta dindindin. A 1947 aka kafa Cibiyar Binciken Ciwon Barci ta Afirka ta Yamma a nan Kaduna, da reshe a Vom. Ku lura da sunan. Ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. Ta ƙasashe huɗu ce da ke ƙarƙashin Ingila, watau Nijeriya, da Gana wadda a lokacin ake kira Gwal Kwas, da Saliyo, da Gambiya, kuma su da Ingila suka haɗa kuɗin tafiyar da ita. Haka aka yi wa koko cibiya a Tafo ta Gana, aka yi wa kwakwar manja a kusa da Binin, aka yi wa shinkafa a Rokupr ta Saliyo. Da aka sami mulkin kai sai wannan haɗin gwiwa ya watse, kowace ƙasa ta riƙe abin da ke cikin iyakarta, a 1964 cibiyar Kaduna ta zama ta Nijeriya ita kaɗai. Mun sami gidan, amma mun rasa abokan tarayya, shi kuwa ƙudan tsando bai taɓa tsayawa a bakin iyaka ya nuna fasfo ba. Sai a shekara ta 2000, a taron Lome, shugabannin Afirka suka sake amincewa da yin gangami ɗaya domin kawar da shi daga nahiyar baki ɗaya.

To, ina ma'aikatar da ya kamata ta riƙe linzamin irin waɗannan al'amura? A 1970 gwamnatin soja ta kafa majalisar kimiyya da fasaha, a 1977 aka mai da ita hukuma, sai a 1980, zamanin Alhaji Shehu Shagari, aka yi cikakkiyar ma'aikata, Dokta Sylvester Ugoh ya zama ministanta na farko. A cikin wannan shekara ce shugabannin Afirka suka taru a Ikko suka amince kowace ƙasa ta riƙa ware kashi 1 cikin 100 na dukiyar da take samarwa domin kimiyya da fasaha. Ba a je ko'ina ba, a 1984 aka haɗe ma'aikatar da ta Ilmi. A 1985 aka sake raba su, a 1986 aka fitar da manufar kimiyya ta ƙasa ta farko. A 1992 aka sake narkar da ita, a 1993 aka dawo da ita. A 2021 aka sake mata suna, a 2023 aka kuma sake. Jama'a, itacen da kullum ake tumɓuke shi ana sake dasawa, yaushe zai yi saiwa, balle ya ba da inuwa? Bincike aiki ne na shekara goma, na shekara ashirin. Abokin tarayya daga waje wanda ya sa hannu a takarda da wani ofis, ya dawo baɗi ya tarar babu ofis ɗin, ba zai sake ɗaukar maganarmu da nauyi ba.

Yanzu ga misali na abin da ke faruwa in an yi aiki da kuɗin baƙo ba a yi tanadin gobe ba. Macen ƙudan tsando galibi sau ɗaya take barbara a rayuwarta, kuma ba ta zuba ƙwai kamar sauro. Tsutsa ɗaya take haifa bayan kamar kwana 10. Masana suka ce, ashe in aka kiwata ƙudan da yawa, aka haska wa mazan wani haske mai kashe ƙwayar haihuwa, aka sake su a daji, duk macen da ta haɗu da su ta tashi a banza. A cikin shekarun 1980 Gwamnatin Tarayya ta haɗa kai da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya aka gwada wannan dabara. A Vom aka kiwata ƙudan, aka sake shi a wajen Lafiya, aka haɗa da tarkuna da ƙyallaye masu magani, har aka share wani jinsi na tsando daga fili mai faɗin murabba'in kilomita kamar 1,500. Da wa'adin aikin ya cika, baƙi suka naɗe kayansu, ba a ci gaba da tsare iyakar filin yadda ya kamata ba, ƙuda ya taso daga dazuzzukan maƙwabta ya koma gidansa. Wannan dabara ɗin ce aka kai tsibirin Unguja na Zanzibar, a 1997 aka tabbatar tsando ya ƙare a can, har yau bai dawo ba. Su teku ta yi musu katanga. Mu kuwa katangarmu sai an gina ta da kuɗi kowace shekara, kuma ba aikin baƙo ba ne ya gina mana ita har abada. Tun ranar sa hannu ya kamata a tambaya: in kun tafi, wa zai biya masu duba tarko? Ofishin da ya kamata ya yi wannan tambaya a madadin ƙasa, ko da aikin yana hannun wata ma'aikata dabam, shi ne ofishin da aka ɗora wa tsara manufar kimiyya.

Kada wani ya ɗauka ina cewa haɗin gwiwa da ƙasashen waje ba shi da amfani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ga kuwa shaida daga Asibitin Ido. Akwai makantar da ake samu a ƙauyukan bakin kogi, wadda wani ɗan baƙin ƙuda mai hayayyafa a ruwa mai gudu yake yaɗawa. Tsutsa ce take shiga jiki, 'ya'yanta su bazu a fata su sa ƙaiƙayi mai hana barci, su kai ga ido su makantar da magidanci yana tsakiyar ƙarfinsa. Maganinta ya samo asali ne daga wata ƙwayar halitta da Farfesa Satoshi Omura ya samu a cikin ƙasa a Japan, William Campbell da abokan aikinsa na kamfanin Merck a Amurka suka fitar da magani daga gare ta, da farko domin tsutsar dabbobi. A 1981 aka fara gwada shi a jikin mutane a Dakar. A 1987 kamfanin ya yi alkawarin ba da shi kyauta da sunan Mectizan har sai an ga bayan cutar. Amma da sauran tambaya: shin maganin yana tsare ido, ko ƙaiƙayi kawai yake ragewa? A nan Jihar Kaduna aka nemo babban ɓangare na amsar. Farfesa Adenike Abiose ta Asibitin Ido na Ƙasa, tare da likitoci daga Landan, da tallafin shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na binciken cututtukan ƙasashe masu zafi, suka bi ƙauyuka fiye da 30 shekara da shekaru, a 1993 suka bayyana cewa shan maganin sau ɗaya a shekara yana rage lalacewar jijiyar ido. Shi kansa wannan shiri na Hukumar Lafiya, ɗan Nijeriya ne, Farfesa Adetokunbo Lucas, ya shugabance shi daga 1976 zuwa 1986. A 2012 wani bincike ya nuna cewa a wasu yankunan Jihar Kaduna da aka daɗe ana rabon maganin, an duba mutane ba a sami tsutsar ba. A 2015 Omura da Campbell suka sami lambar Nobel. A watan Janairu na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar ta rabu da cutar, ita ce ta farko a Afirka.

Me ya sa wannan aiki ya yi albarka? Domin cutar tamu ce, tambayar tamu ce, 'yar ƙasa ce ta ja ragamar aikin, gidan da aka yi shi yana nan bayan baƙi sun tafi, mutanen ƙauye kuma daga baya su da kansu suka riƙa zaɓen masu raba musu maganin.

Ku gwama wannan da abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau. Kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu, waɗansu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Asarar ba ta tsaya nan ba. Da aka zo rigakafin shan inna a 2003, wannan tabo yana cikin abin da ya sa jama'a suka juya baya, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙasar da ba ta da ƙaƙƙarfar ƙa'ida a kan wanda zai shigo ya yi bincike, da abin da zai ɗauka, da abin da zai bari, 'ya'yanta ne za su biya.

Ita ma ma'aikatar tana da nata misalin na ciniki mai kyau. A 1999 aka kafa hukumar binciken sararin samaniya a ƙarƙashinta. Da aka tashi sayen tauraron ɗan Adam na farko daga wani kamfani a Surrey ta Ingila, aka sa sharaɗin koyar da injiniyoyinmu a cikin yarjejeniyar. A watan Satumba na 2003 aka harba shi daga Rasha. A 2011 aka harba wani, NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Nijeriya suka haɗa da hannunsu a can Ingila. Wanda ya sayi kifi ya ci na rana ɗaya. Wanda ya sa a haɗa masa da koma a cikin cinikin ya san abin da yake yi. Sauran aiki shi ne a tanadar wa waɗannan injiniyoyi ma'aikata a gida, in ba haka ba mun horar wa wasu ƙasashe ma'aikata ne da kuɗinmu.

Yanzu mu zo kan kuɗi, domin nan gizo ke saƙa. Alkawarin Ikko na 1980 an sake jaddada shi a taron shugabannin Afirka na 2007. Amma ƙididdigar da aka yi ta wannan shekara ta nuna abin da Nijeriya ta kashe a kan bincike bai kai ko rubu'in kashi 1 cikin 100 ba. Koriya ta Kudu, wadda a 1960 take cikin matalautan ƙasashe, tana kashe fiye da kashi 4. A 2006 aka yi shelar za a kafa gidauniyar kimiyya da dala biliyan 5, maganar ta bi ruwa. Manufar kimiyya ta 2012 ta tanadi majalisar bincike wadda Shugaban Ƙasa zai shugabanta, da asusu na musamman, shekara 10 suka wuce asusun bai tsaya da ƙafarsa ba. Abin da ya fi taimakon malaman jami'a shi ne asusun TETFund, shi kuwa ba daga Ma'aikatar Kimiyya ya fito ba. Ya samo asali ne daga yarjejeniyar da ƙungiyar malaman jami'o'i ta yi da gwamnati a 1992, aka sa wa kamfanoni harajin ilmi a 1993.

In cibiya ta biya albashi ba ta da abin sayen man janareta da kayan gwaji, masaninta ba shi da zaɓi sai ya rubuta takardar roƙo zuwa waje. Mai ba da kuɗi kuwa yana da abin da ya dame shi. In shekarar ta zancen wata cuta ce da ake tsoron ta haura Turai, nan kuɗi zai tafi, sammoren da ke cin garken Bafulatani a Kachiya ya jira. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Bugu da ƙari, mai bayarwa yana iya janye hannunsa ba tare da sallama ba. A 2021 Ingila ta rage tallafin da take bai wa ƙasashen waje, aka datse ayyukan bincike da na rabon magani ana tsakiyarsu. A 2025 Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, USAID, shirye-shirye da yawa a Afirka suka tsaya cik. Ba mu da bakin zargin kowa, dukiyarsu ce. Zanen aro ba ya rufe katara.

Saboda haka, a ganina, abin da ya wajaba a kan ma'aikatar guda biyar ne. Na farko, ta rubuta abin da ƙasa take so a bincika, bayan ta saurari manomi da makiyayi da maƙeri da likita, domin in baƙo ya zo ya tarar da jerin bukatunmu, ya zaɓa daga ciki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na biyu, ta tabbatar kason kuɗin da ya hau kanmu a kowace yarjejeniya yana cikin kasafi kuma an sake shi a kan kari, har da na shekarun da za su biyo bayan tafiyar baƙi. Na uku, ta tsaya a kan sharaɗi: a horar da 'ya'yanmu, kayan aiki su zauna a nan, sunan masaninmu ya fito a kan aikin, jini da iri da ƙasar da aka ɗiba a san inda aka kai su da abin da aka yi da su. Tana da hukumar da aka kafa tun 1979 domin tace yarjejeniyoyin sayen fasaha daga waje, watau NOTAP, don haka aikin ba baƙo ba ne a gare ta. Na huɗu, ta haɗa kan ma'aikatun Lafiya da Gona da Ilmi da jami'o'i, kada kowa ya riƙa ƙulla tasa shi kaɗai. Na biyar, ta waiwayi maƙwabta. Ƙuda ɗaya, fari ɗaya, hamada ɗaya muke fama da su mu da Nijar da Kamaru da Chadi, masanin Kaduna da na Maraɗi sun fi kusa da juna a bukata fiye da kowannensu da na Landan ko Faris.

'Yan'uwana ɗalibai, saura naku. Ku da ke karatun kimiyya, in lokacin koyon aiki ya yi ku nemi waɗannan cibiyoyi da ke ƙofar gidanku, ta Unguwar Rimi, da ta fasahar sinadarai a Basawa, da ta fata da ƙirgi a Samaru. In lokacin zaɓen abin da za ku rubuta a shekarar ƙarshe ya zo, ku dubi rijiyar unguwarku da lambun bakin kogin Kaduna kafin ku dubi abin da ake yayi a intanet. Ku da ke karatun shari'a da tattalin arziki, ku sani yarjejeniyar bincike takarda ce, wanda ya iya karanta ta shi ke cin ribarta, ƙasar nan kuwa tana bukatar masu iya zama a teburin ciniki. Ku da ke karatun Hausa da aikin jarida, ku ne za ku sa uwa a ƙauye ta fahimci abin da ake nema ta yarda a yi wa ɗanta kafin ta dangwala yatsa. Ƙungiyarku kuma ta saba fitowa a kan kuɗin makaranta da wutar ɗakin kwana, hakan daidai ne. Ina roƙon ta ƙara abu ɗaya: duk shekara in an gabatar da kasafin kuɗi, ta nemi shafin Ma'aikatar Kimiyya, ta duba nawa aka ware wa bincike, ta rubuta wa wakilinmu na majalisa ta tambaye shi nawa aka saki daga na bara. Kasafin a fili yake, kowa yana iya karanta shi.

Wasunku za su sami guraben ƙaro ilmi a ƙasashen waje. Ku tafi, ku koyo, ku yi abokai, domin waɗannan abokai su ne haɗin gwiwar gobe. Amma ku tafi da tambayar gida a aljihunku, ku dawo mana da amsa.